Baitocin Arba'in ɗin Iya

Yaya Babba, daga Kano: Salamu alaikum 'yan gida. Jibi Juma'a ake arba'in ɗin Iya a ƙauyenmu na ƙasar Ringim. Kafin a daka gumba, kowa ya ajiye mata baiti. Amsa-amonmu "wa" ne.

Da sunan Allah na fara magana,
Salati ga Manzo, hasken idona,
Yau zan tuna mai riƙon amana,
Iya amaryata, ta yi tafiyar da ba dawowa.

Kullum na je sai ta ce, "Maigida,
Ina cefane? Ko ka zo cin gyaɗa?"
In miƙa goro, ta rangaɗa guɗa,
Ta tono min ƙwan zabi a kwandon dawa.

Lissafinta fam ne, sule da taro,
Bankinta bakin zane, kusa da goro,
Ba ta cin bashi, ita ke ba da aro,
Rabin masu aron kuma ba sa maidowa.

Naira ta shigo tun 1973, amma har bara in ka ba Iya dubu ɗaya, cewa take, "Fam ɗari biyar? Allah ya yi albarka."

Auta: Ni ban iya kari ba, a yi min afuwa. Ambaliyar 2022 ce ta tsaya min a rai.

Ruwa ya ci katanga ya shigo ɗaki,
Ta ce ba ta fita sai da awaki,
Na goye ta har firamare, tana tsaki,
Wai dokinta rago ne, ba ya sukuwa.

Gwaggo, daga gida: Yaran nan kun fama min miki. Ku kun san kaka, ni na san uwa, na kuma san ungozoma.

Tsakar dare in an buga mata ƙyaure,
Ta ɗau fitilar ƙwai, zanenta a ɗaure,
Ko da ruwan sama ya cika zaure,
Sai ta ji kukan jinjiri take komowa.

Ita ke dafa ruwan jego da darbejiya,
Kunun kanwa da zafinsa a sabuwar ƙwarya,
Ta gasa cibi, ta binne mabiyiya,
Wane gida ne bai kira ta ba ran haihuwa?

Shekarar fari da gero ya ƙi yin kai,
Ta dafa tafasa da rama, ta raba daidai,
Ta ce ta ƙoshi, ta sha ruwa kawai,
Sai da na haihu na san ta kwan da yunwa.

Jini ya dawo mata bayan ya ɗauke,
Tsummanta sai dare ya yi take wanke,
Na gani a igiya, na tambaya, ta murtuke,
Ta ce, "Ɗiya ba ta tambayar uwa."

Takwara, ma'aikaciyar jinya: Gwaggo, ki yi haƙuri, daga inda kika tsaya zan ɗora.

Kishiyata, ni ce na ci sunanki,
Na bi sawunki har na gaji aikinki,
Matan gari sun ba ki sirri, kin riƙe a cikinki,
Don me naki kika ƙi gaya wa kowa?

An ce daji ne, ba ya son allura,
Aka jiƙa sassaƙe, aka zuba a fura,
Ba mu kai ki birni ba sai bara,
Likita ya duba, ya ce ya gama yaɗuwa.

Sankarar bakin mahaifa ce ta ɗauki Iya. Iyayena mata, don Allah ku ji: jinin da ya dawo bayan mace ta daina al'ada ba abin zama da shi ba ne, haka ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo mafi yawan wannan ciwo, kuma takan yi shekaru masu yawa a jiki ba zafi ba ƙaiƙayi. A wannan tsakanin gwaji yana gano ta, a yi magani a wuce wurin. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, allura ɗaya tal, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su.

Baffa: 'Yata, na ji ki. Amma a bar ni in faɗi nawa.

Sassauta harshe, kwana ne ya ƙare,
Ba mu runtsa ba, rana da dare,
Riɗi da zoɓo a Gujungu na sayar tare,
Kuɗin gashin daji da ƙarin jini, ba a ragewa.

Ran da ta ce a mai da ta ɗakinta,
Ta yafe bashi, ta raba kayanta,
Ta ce a karanta Yasin a kanta,
Ta yi kalmar shahada, muna amsawa.

Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara,
Ya haskaka kabarinta, ya ba ta sutura,
Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo, ya Sattara,
Wanda aka haifa duk yana kan hanyar wucewa.

Takwara: Amin, Baffa. Saura baiti ɗaya.

Baffa, ajali ni ban musa ba,
Ban ce wani bai yi ƙoƙari ba,
Amma 'yar autarka ba a yi mata allurar ba,
Ita nake roƙon ka bari a yi wa.

Baffa:

Ni ban hana ba, uwarta ke tsoro,
Ta jiyo zance a wajen wani taro,
Mata na faɗi suna raba goro,
Wai allurar na toshe hanyar haihuwa.

Gwaggo: Zancen gidan biki ne wannan. Takwara, ke dai ki zo da katin rigakafin.

Ƙanena, ka bar ni da matarka,
Daren Juma'a zan shiga ɗakin iyalinka,
Ni na wanke tsumman Iya, ba a idonka,
Abin da na gani zan zauna in gaya mata da kowa.

Asabar da safe ka ba ni kuɗin acaɓa,
Ni zan riƙe hannun yarinyar, ba wani ba,
In asibitin ƙauye ba su da ita, ba za mu fasa ba,
Ringim ba nisa, can za mu yi wucewa.