Ƙanwata tana son shiga gasar tallan kayan ƙawa ta talabijin, ina neman shawara

Maman Hanifa, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ni tela ce a Tudun Wadan Zariya, kuma ina riƙon ƙanwata tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yanzu tana aji biyu a jami'a a Samaru, tana karatun zanen tufafi. Makon jiya ta nuna mini wata sanarwa a Instagram, cewa za a yi gasar masu tallan kayan ƙawa da za a riƙa nunawa a talabijin, inda za a tara 'yan mata daga Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin a gida ɗaya, kyamara tana biye da su dare da rana, a riƙa sallamar mutum ɗaya duk mako har a fitar da gwarzuwa.

Yarinyar doguwa ce, kaya suna karɓarta, kuma ita take sa mini duk abin da na ɗinka in ɗauki hoto, har na samu masu saye daga Kaduna da Abuja ta dalilin hotunanta. Ta rantse mini ba za ta cire mayafinta ba ko da za a kore ta a makon farko. Ban riga na sanar da Baffanmu ba, domin ina so in fahimci abin kafin in buɗe baki. Shin irin wannan gasa ta taɓa amfanar wata? Kuma yarinya za ta iya shiga ta fito da shigarta da mutuncinta yadda ta tafi?

Abban Sadik, Samaru

Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, amsar tambayarki ta farko ita ce ta taɓa amfanar wasu, amma kaɗan ne ƙwarai. A shekarar 1998 tashar M-Net ta fara gasar Face of Africa, kuma Oluchi Onweagba, 'yar Legas mai shekara 17, ita ta lashe, daga nan ta yi suna har a Amurka da Turai. Ita ce kuma ta jagoranci shirin Africa's Next Top Model da tashar Africa Magic ta fara nunawa a 2013, wanda aka ɗauka a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu da 'yan takara 12 daga ƙasashe 8, Aamito Lagum 'yar Yuganda ta zo ta ɗaya. Samfurin shirin daga Amurka aka kwaso shi, inda Tyra Banks ta fara nata a 2003. Na Afirkan zango ɗaya kawai ya yi, bai sake dawowa ba, duk da ƙarfin kamfanin da ya ɗauki nauyinsa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, mai shirya irin wannan shiri ba tufafi yake sayarwa ba, idon masu kallo yake sayar wa masu talla. Don haka idan aka ɗauki hoton mako guda, aka zo tacewa domin a mayar da shi abin da bai wuce awa ɗaya ba, kuka da cacar baki da gulmar ɗakin kwana su ne suke tsira, natsuwa kuwa a kwandon shara take ƙarewa. Haɗa 'yan ƙasashe daban-daban ma yana da nasa dalilin, domin kowace ƙasa za ta tsaya wa tata, a yi ta musu a intanet, masu kallo su ƙaru. Ki duba kuma batun harshe: a makarantun Nijar da Chadi da Benin an fi yin karatu da Faransanci, mu kuma Ingilishi, kuma rashin fahimtar juna tsakanin yaran da aka kulle a gida ɗaya abinci ne ga mai kyamara. Ƙanwarki tana iya kame bakinta tsawon kwana shida, a rana ta bakwai ta yi fushi na minti biyu, kuma wannan minti biyun ne za a gani a Tudun Wada.

Hajiya Goggo, Gyallesu

'Yata, na gode da kika nemi shawara kafin ki yanke hukunci, Allah ya yi miki albarka bisa riƙon marainiya. Ni ina cikin waɗanda suka ga watan Nuwamba na 2002, lokacin da aka shirya gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, wani rubutu a jarida ya tayar da rikici a Kaduna, aka rasa rayuka sama da 200, har aka mayar da gasar Landan. Na san tallan tufafi daban yake da gasar kyau, amma mutanen unguwa ba sa rarrabewa, kuma yarinyar nan cikinsu za ta dawo, cikinsu za a zo neman aurenta.

Maganar mayafi kuwa, ban ƙaryata niyyarta ba, amma ina so ki ba ta labarin Halima Aden. An haife ta a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta tashi a Amurka, ta shiga gasar kyau ta jihar Minnesota a 2016 sanye da hijabi, daga nan manyan kamfanoni suka ɗauke ta. Wannan yarinya sai da aka rubuta mata a kwantiragi cewa ba za ta cire hijabinta ba, har wurin canza kaya nata daban ake keɓe mata. Duk da haka a watan Nuwamba na 2020 ta ajiye aikin da kanta, ta bayyana cewa salla tana wuce ta a wurin aiki, kuma masu yi mata kwalliya sun yi ta rage hijabin suna sauya masa kama, har akwai ranar da wandon jins aka ɗora mata a ka a madadin ɗankwali. Ba wanda ya ce mata ta cire, a hankali aka yi ta ja tana bi. Idan wadda duniya ta san sunanta, take da takarda a hannu, ta kasa riƙe iyakarta, ina tausayin ɗaliba 'yar aji biyu da za ta tsaya gaban alƙalan gasa ita kaɗai, ta san idan ta ce a'a jakarta za ta ɗauka a daren.

Mai Aska Takwas, cikin gari

Hajiya, ina girmama maganarki, kuma ban musa ko ɗaya ba, sai dai akwai gefen da mu masu sana'a muke gani. Ni a gidan ɗinkin hannu na tashi. Babbar riga mai aska takwas tana cin watanni a hannun mutum, a ƙarshe dillali ya saye ta da arha, a sa ta a Yamai ko Garwa, ba wanda ya san daga wane zaure ta fito. Masaƙun Kaduna da suka riƙe dubban gidaje sun durƙushe, kasuwa ta cika da yadin waje, kuma kayan da ba a gani a jikin mutum ba sa sayuwa. A Nijar, mai zanen tufafi Alphadi ya fara bikin nuna tufafin Afirka na FIMA a hamada kusa da Agadas a 1998, ya sha suka daga malamai, har aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi a shekarar 2000, amma bikin ya sa duniya ta san aikin masu sana'ar hannu na ƙasar. Mutanen Maraɗi da Damagaram harshenmu ɗaya, shigarmu ɗaya, su ne kasuwarmu ta kusa.

Saboda haka tambayar da zan yi ita ce, kayan wa za ta sa? Idan shiri ne da za a bar ta ta fito da abaya da doguwar rigar da yayarta ta ɗinka, a ambaci sunan Zariya, ni ina ganin alheri a ciki. Idan kuwa su za su zaɓa mata kaya duk mako, to ba sana'armu za ta tallata ba, shirinsu za ta tallata da fuskarta.

Umman Walid, Sabon Gari

Yaya, kafin a kai ga wannan duka, ki fara tabbatar da cewa gasar ma akwai ta. Wace tasha ce za ta nuna? A wane gari gidan yake? Idan an nemi kuɗin rajista, ko aka ce ta miƙa fasfo a riƙe mata, ki dakata nan take, domin da irin wannan alkawarin na aiki a ƙetare ake yaudarar 'yan mata, kuma saboda irin haka aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a 2003. Kada ta sa hannu a kowace takarda sai lauya ya karanta, musamman sashen da ya ba su ikon amfani da hotunanta da wanda ya hana ta fita kafin a gama.

Maman Hanifa, Tudun Wada

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare muka zauna da ita muka sake karanta sanarwar tun daga farko. Ba a ambaci sunan tasha ba, ba a faɗi garin ba, amma an sa kuɗin fom da lambar asusu. Na karanta mata abin da Goggo ta rubuta game da Halima, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce abin da ya fi jan hankalinta tun farko shi ne ta ga an sa ɗinkinmu a gaban 'yan Nijar da Kamaru. Mun tura musu saƙo muna tambayar tashar da garin, da kuma ko za a rubuta a kwantiragi cewa ita za ta zaɓi kayanta. Ba za mu biya ko sisi ba sai sun amsa a rubuce, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan tafi da ita gidan Baffa a Ƙofar Doka, ta yi masa bayani da bakinta.