Bareyi a bakin rumbun ciyawa: wa ya taɓa haɗuwa da su cikin tsananin sanyi?

Ɗan Gumel a Wayomin: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani gandun kiwon shanu a yammacin jihar Wayomin ta ƙasar Amurka, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun sanyin 2022 zuwa 2023. Wata asuba na fita ba shanu ciyawa, sai na tarar da bareyi kusan goma, irin masu kunnuwa kamar na alfadari, sun jingina da shingen rumbu. Ko motsi ba su yi ba. Wata uwa a cikinsu ana iya ƙirga haƙarƙarinta, ƙafafunta na gaba duk jini, don saman dusar ƙanƙarar ya daskare ya yi ɓawo, in ta taka sai ya fashe ya yanke ta. Tausayi ya kama ni, na kwance musu dami guda. Da mai gandun ya gani, ya yi ta faɗa. Bayan kwana huɗu na tsinci biyu a mace, cikinsu cike fal. Har yau ina tambayar kaina, ko ni na kashe su?

Mai karatun likitan dabbobi: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ɗora wa kanka laifin duka, shekarar ce ta zo da muni. Garken tsaunukan yankinku an kiyasta ya faɗo daga kusan 30,000 zuwa kusan 11,000. Amma mai gandun yana da gaskiya. Barewa mai tuƙa ce, kuma ƙwayoyin halittar da ke tumbinta sun saba da ganye da tsinken ƙananan itatuwan daji. In ka canza mata abinci farat ɗaya, sai ta cika ciki ta kasa narkarwa, yunwa ta kashe ta a ƙoshe. Masara ta fi haɗari, duk wanda ragonsa ya taɓa afka wa buhun hatsi ya san abin da nake nufi. Shi ya sa da hukumar namun dajin jihar Yuta, maƙwabciyarku, ta ciyar da bareyi a farkon 2023, abinci na musamman ta ba su. Sannan tara su wuri guda yana yaɗa wata cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa ta ramar da su.

Maman Hanifa, Alberta ta ƙasar Kanada: Ni shinge ne ya sa ni kuka. Muna zaune kusa da wani gandu. Na ga uwa ta tsallake waya mai ƙaya, ɗanta ya biyo, ƙafarsa ta baya ta shige tsakanin wayoyi biyun sama, suka murɗe ta. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ranar ƙarfin tsallen ne babu. Maigida ya rufe masa ido da bargo, ya datse wayar. Ya tafi yana ɗingishi, uwar na tsaye nesa tana kallo. Tun daga nan maƙwabcinmu yake barin ƙofofin filayen da babu shanu a buɗe har sanyi ya wuce.

Direban tirela: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Mu kuma a kan titi muke gamuwa da su, don in an share dusar ƙanƙara daga hanya, nan ne tafiya ta fi musu sauƙi. Magariba da asuba a rage gudu. In ɗaya ta gifta, taka birki, wasu na biye.

Ɗan Gumel a Wayomin: Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. Bana mun ɗaga shingen rumbu ya kai ƙafa takwas, karnuka kuma a ɗaure suke kwana, don gudun da za su sa barewa a Fabrairu yana cinye ɗan kitsen da ya rage mata. Jiya na hango bakwai kwance a gindin tudu, inda iska ba ta kaiwa. Na kashe fitilar tarakta, na zagaya ta hanya mai nisa.