Wasan yara ma karatu ne

Iyaye da malaman Islamiyya a Agege da ke Legas sun tattauna kan wasan yara, ga abin da suka fi jaddadawa.

Kada a ɗauki wasa ɓata lokaci. Yarinyar da ke 'yar carafke tana ƙirga duwatsu, tana saba ido da hannu tun kafin ta riƙe alli. Langa tana ƙarfafa jiki, gaɗa kuma tana kama wa yaro Hausa, abin da ke wahala a Legas inda Yarbanci da Turanci suka cika titi.

Matsalar ita ce wuri. Gidan haya ɗaki ɗaya ne, titi kuwa cike da okada, wato acaɓa. Shawarar ita ce maƙwabta su ware tsakar gida bayan la'asar, babba ɗaya na lura. Ni ina ganin wannan ta fi miƙa wa yaro waya ya yi shiru.