Wai yanzu kwamfuta ce za ta duba mana yara?

Uwar Biyu: Jama'a ku taya ni ji. Jiya na kai autana asibitin unguwarmu, zawo da zafin jiki tun dare. Likitan na riƙe da wata 'yar kwamfutar hannu, ya tambaye ni ya danna, ya tambaye ni ya danna. Yana kama nono? Ya yi jijjiga? Akwai jini a kashin? Ya ɗaga rigar yaron ya ƙirga numfashi, aka soki yatsa aka ce ba maleriya. Ƙarshenta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc kawai ya ba ni, wai na'ura ba ta nuna a yi allura ba. Ni da na kwana ban runtsa ba! In sai kwamfuta ta gaya wa likita abin yi, me ya je ya karanto? Wannan wasa da rai ne wallahi.

Ɗan Jimeta: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Amma likita kika ce? A ƙaramin asibitin unguwa? Malamin asibiti dai kika gani.

Malamar Asibiti: Wannan "dai" ɗin na mene ne, Malam? Shekara uku muka yi muna karatun aikin nan. Shiga ƙauye ka nemo mana likitan. Mu ke kwana da mai naƙuda da fitilar waya.

Dakta: Ba wanda ya raina ku, 'yar'uwa. Sai dai shekara shida da shekara guda ta sanin makamar aiki ba za su zo ɗaya da uku ba. Duk mai farar riga yanzu likita ake ce masa, in aka yi kuskure kuma mu ake zagi.

Malamar Asibiti: Mu muka ce su kira mu haka? Tun kakanninmu duk mai ba da magani a asibiti likita ne a bakin mutane.

Dakta: Amma kuna amsawa.

Malamar Asibiti: Kai ma ai ba ka hana a ce maka babban likita. Hajiya, bar su, ki saurare ni. A nan Adamawa muna da irin na'urar, ALMANACH sunanta, ƙungiyar Red Cross ta duniya ta kawo ta tare da wata cibiyar lafiya ta Suwizalan. Ba tunani take yi ba. Ƙa'idar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a da muke buɗawa a littafi. Yaro ɗan wata 2 zuwa shekara, numfashi 50 a minti ya yi sauri. Daga shekara zuwa 5, numfashi 40. Ranar kasuwa, layi har bakin ƙofa, wa zai tuna ya ƙirga? Ita kuwa ba ta barinka ka wuce sai ka cike gurbin. Zawon da ba jini a ciki ba ya son allura, ruwa yake so.

Dakta: Kada a mayar da ita waliyyiya. A Amurka masu bincike na Jami'ar Michigan sun gwada manhajar kamfanin Epic mai hango gubar jini, wato ciwon da ke tasowa idan ƙwayoyin cuta suka bazu a jiki, a 2021 suka bayyana cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu ciwon sun wuce ba ta gano su ba.

Malamar Asibiti: Waccan hasashe take yi, tamu tambaya take yi. Ka taɓa riƙe ta ma kuwa?

Mai Kemis: Ni dai uwa ta fi kwamfuta sanin ɗanta. Hajiya ki kawo shi, allura biyu zai miƙe.

Ɗan Jimeta: Kai da wace takardar za ka yi allura? Irinku ne suka sa magunguna suka daina ci.

Mai Kemis: Lasisina na rataye a shago. Ranar da asibiti ke yajin aiki wajen wa kuke zuwa?

Dakta: Lasisin sayar da magani ne, ba na soka wa yaro allura ba.

Mai Kemis: To ku dawo daga Saudiyya da Ingila ku yi aikin mana.

Uwar Biyu: Ikon Allah. Ni har yanzu ba wanda ya ce min in koma ko in jira.

Malamar Asibiti: Ki ci gaba da ba shi ruwan da nono, zinc ɗin kuma kada ki tsayar ko zawon ya tsaya. In ya ƙi sha, ko yana amayar da komai, ko ido ya faɗa, ko jiki ya saki, ko kin ga jini, ki koma yanzu, ko tsakar dare ne.

Shugaban Zaure: To jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda malaman asibiti ne ke riƙe da talaka, kuma na'urar nan taimakonsu take yi. Ƙanwata wannan aikin take yi, na san wahalarsu. Dakta bai kawo hujja ba sai labarin Amurka, Mai Kemis kuwa ciniki ya zo nema. Hajiya, ki bi maganar Malama, ki sanar da mu jikin yaron gobe in Allah ya kai mu. Na rufe sharhi.