Modem ɗin cikin laftof ya ƙi kama sabis: in mayar ko in biya a canja?

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin Juma'a. Makon jiya na sayi laftof ta hannu a nan Gombe, na zaɓe ta ne saboda tana da wurin sa sim, don aikina yana kai ni ƙauyukan Dukku da Nafada, kuma kullum sai na tura rahoto kafin magariba. Na sa layi ta gan shi, har sunan kamfanin ya fito, amma sandar sabis ɗaya ce tak, tana zuwa tana ɗaukewa. In na danna ta haɗa sai ta yi ta juyi ta haƙura. Layin nan a waya 4G yake cika a ɗaki ɗaya. A Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta, sunan katin modem ɗin da aka rubuta shi ne Sierra Wireless EM7455, kuma babu wata alamar gargaɗi a kansa. Mai shagon mako guda ya ba ni in zan mayar, Juma'a ke nan. Wani mai gyara ya ce katin ya mutu, a canja a kan 25,000, amma in aka kwance ta mai shago ba zai karɓa ba. In mayar, ko in biya?

Abban Hanan: Wa alaikumus salam. Ka kunna hosfot a wayarka mana, me ya yi zafi?

Ɗan Bolari: Da shi nake fama shekara biyu, Yaya. Wayar ta ɗau zafi, caji ya ƙare kafin azahar, a ƙauyen da babu inda zan jona. Abin da na guda ke nan.

Hajiyar Tunfure: Draiba ce babu, manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin. Tawa ma haka ta yi bayan an sake mata Windows, yarona ya sauke draiba ta tashi.

Malamin Kumo: Ƙanena, mayar da ita tun da sauran kwana. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna raina ɓaci yake. Bariya na tara kuɗin adashi na wata bakwai na tafi Kano takanas, wani yaro a shago ya nuna mini ramin sim a gefen kwamfuta, ya rantse mini cewa da na sa layi sai aiki. Na dawo Kumo na sa, shiru. Ko sunan sashen ba ya fitowa a saiti. Na kai wa mai gyara ya buɗe, wallahi wurin katin fayau yake, babu komai, ramin sim ne kawai. Na kira yaron, ya ce ai shi rami ya ce akwai, bai ce akwai kati ba. Na haɗiye, na aika aka sayo mini kati daga Ikeja a kan 40,000 har kuɗin mota. Aka sa, kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai lamba 1802 da take rubutawa a baƙin allo. Aka cire ta tashi. Wanda ya sayo ya ce kayan lantarki ba a mayarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Katin yana nan a durowa, kuɗin makarantar 'yata ne na zango guda a kwance.

Abban Hanan: Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Malam. Mutanen nan ba sa tsoron Allah.

Ummu Sadik: Malam da ka kai shi wajen shugabannin kasuwar. Mijina ya taɓa yin haka a kan waya, suka sa aka biya shi rabi.

Malamin Kumo: Da wace shaida, Hajiya? Rasit ɗin suna da kuɗi kawai aka rubuta.

Na Wunti: 40,000 kuma? An yi maka tsada. A nan Bauchi 15,000 na saya wa ƙanina, cirarre daga wata da allonta ya fashe.

Abban Hanan: Yaushe? Farashin da ne wannan. Watan da ya wuce na tambaya a Gombe aka ce 30,000 ba ragi.

Injiniya Jekadafari: Ku dakata. Matsalar Malam daban, ta mai tambaya daban. Malam ba shi da kati tun farko, 1802 kuma BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ce ke faɗa maka katin da ka sa ba ya cikin jerin waɗanda aka yarje wa wannan samfurin. Ɗan Bolari katinsa yana nan, kwamfuta ta gan shi, ya karanta sim. Mataccen kati ba ya yin haka. Sanda ɗaya a inda waya ke cika, eriya nake zargi. Wasu siraran wayoyi biyu ne suke saukowa daga murfin allo su maƙale a jikin katin, a laftof ƙirar ThinkPad ɗaya ruwan lemo ɗaya shuɗi. Sau da yawa ina buɗe na hannu in tarar sun zame, ko an canja allo ba a mayar da su ba, ko ma an cusa kati a kwamfutar da ba a taɓa ja mata eriya ba don a ƙara mata kuɗi. In zamewa ce, aikin minti biyar ne. In babu su sam, sai an kwance har murfin allo. Kada ka bari kowa ya buɗe. Ka kai wa mai shagon ya buɗe da hannunsa a gabanka.

Ɗalibi Kashere: Da girmamawa Oga, ni ina ganin APN ne, adireshin da layi ke bi ya shiga intanet. Ya shiga saitin Cellular ya rubuta da kansa: MTN web.gprs.mtnnigeria.net, Airtel internet.ng.airtel.com, Glo gloflat. Sannan ya duba ko WWAN AutoConfig, sashen Windows mai kula da haɗin sim, tana aiki.

Injiniya Jekadafari: Ya gwada, ba kuɗi ake biya ba. Amma APN ba ya rage sandar sabis, ƙanena. In shi ne, sanda za ta cika, intanet ne kawai zai ƙi.

Ɗalibi Kashere: To band fa, wato zangon mitar da kamfani ke watsa sabis a kai? EM7455 ba ya ɗaukar band 28, kuma a kansa Glo ta fara 4G ɗinta. Wayarsa na iya kama abin da katin ba ya gani. Bai faɗi layin da ya sa ba.

Injiniya Jekadafari: Wannan maganar taka tana kan hanya. Ya ari layin wani kamfani ya gwada.

Hajiyar Tunfure: Ni dai masu gyara ba na ɗaukar maganarsu duka. Wancan ya ce kati ya mutu, wannan ya ce eriya. Kowa abin da zai kai ka shagonsa yake faɗa.

Injiniya Jekadafari: Hajiya, wajen mai shagon na tura shi, ban ce ya zo wurina ba. Shekara 12 ina wannan sana'a, ban taɓa karɓar kuɗin kati a kan wayar da ta zame ba.

Malamin Kumo: Wanda abin ya ci shi ya fi kowa sani. A mayar kawai. Ko kuma ya sayi nawa katin, zan bar masa a 20,000.

Bappan Deba: Ku bar yaro ya ɗauki kwamfutarsa ya hau Dutsen Bima, can babu sandar da ba za ta cika ba. Rahoton ma daga sama zai fi saurin sauka ofis.

Na Wunti: Bappa, ai sai a haɗa masa da goran fura na hanya.

Ummu Sadik: MiFi fa, 'yar na'urar da ake sa wa sim ta ba da Wi-Fi? Nawa 18,000 na saya, ni da yara muna amfani da shi.

Abban Hanan: Na 18,000 a kulle yake da layi ɗaya. Buɗaɗɗe ya haura 30,000. Kuma shi ma caji yake so, matsalarsa ke nan tun farko.

Ɗan Bolari: Na rubuta APN, babu canji. Na ari layin maƙwabcina na wani kamfani, shi ma sanda ɗaya. Injiniya, in mai shagon ya ƙi buɗewa fa? Jibi ne Juma'a.

Ummu Sadik: Ni abin da ke damuna ma datar ce. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, abin da ke kai mu wata yanzu da ƙyar yake ganin mako uku. Ranar Litinin na sa giga 10, Alhamis aka ce saura ɗaya, kuma ba mu kalli komai ba.

Ɗalibi Kashere: Anti, Windows ce ke sabunta kanta a ɓoye. MiFi a wurinta Wi-Fi ne, sai kin shiga saiti kin kunna Metered connection, mai taƙaita cin data, da kanki. Na modem ɗin ciki kuwa a kunne yake zuwa.

Hajiyar Tunfure: Ni a waya take zurarewa, ina Windows a waya? Na kira kamfanin layin sau uku, kullum a ce in kashe sabuntawa. Na kashe, ba ta fasa ba.

Malamin Kumo: Ku da ma kuna da layin. Nawa na shekara goma aka rufe lokacin haɗa NIN, saboda an rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya daban. Sau huɗu ina hawa mota daga Kumo zuwa Gombe, kullum a ce na'ura ba ta da netwok.

Abban Hanan: Matata ma haka. Malam, a ina aka ƙarasa gyara maka, kuma nawa ka kashe?