Idan aka tsuke titi a Accra, cunkoso raguwa yake yi ko ƙaruwa?

Ɗan Maamobi:

Assalamu alaikum, jama'a. Wata gardama ce ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu na cewa maganin hargitsin titin Nima, daga shataletale zuwa mahaɗar Kawukudi, shi ne a rage faɗin inda motoci ke bi, a faɗaɗa gefen masu tafiya a ƙafa, a ware wa trotro, wato ƙananan bas na haya, wurin tsayawa. Wasu kuma na cewa titin da ko yanzu bai ishe mu ba, balle ranar Laraba da kasuwa ke ci, ina dalilin ƙara tsuke shi? Don Allah masu sanin aikin hanya da direbobi su warware mana. Mai tafiya aiki wajen shataletalen Circle ko tashar 37 da safe, riba zai ci ko asara?

Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne ake cakuɗawa: rage faɗin layi daban, cire layi guda daban.

Rage faɗi ba shi da wata illa babba. Layin mota a cikin gari yakan kai mita 3.5. Idan aka mai da shi mita 3, yawan motocin da ke wucewa kusan ba ya canjawa, gudu ne kawai ke raguwa, domin direba na ganin gefe ya matso sai ya ɗaga ƙafa. Iyakar ita ce babbar mota: bas da tirela faɗinsu mita 2.5 ne, ban da madubi. Saboda haka layin da suke bi a bar masa mita 3.25, kuma kada a sauka ƙasa da 3 a ko'ina.

Cire layi kuwa sai da lissafi. A hanya mai sarari, mota na bin mota da tazarar daƙiƙa 2, wato layi guda na ɗaukar motoci kamar 1,800 a awa. Amma a cikin gari ba titi ne ke yanke hukunci ba, mahaɗa ce. Idan danja na ba ku kore na daƙiƙa 40 cikin kowace 100, layin nan ya koma motoci 720 a awa, ko da faɗinsa ya kai filin Idi. Shi ya sa sau da yawa za a iya tsuke tsakiyar titi ba tare da an ji a jiki ba, muddin an bar bakin mahaɗa da faɗinsa, har da layin masu juyawa hagu. Tun 1974 dama muke bi a Ghana, don haka mai juyawa hagu shi ne ke tsayawa jiran motocin da ke tahowa, na bayansa duk su tsaya tare da shi.

Ga inda abin ke lalacewa. A ce motoci 2,200 ke isowa a awa a layi biyu, aka haɗe su wuri guda. Wurin haɗewar ba ya ba da 1,800, saboda kutse da taka birki; a ce 1,500. Ragowar 700 ke taruwa kowace awa. Kowace mota a jerin gwano na cin mita 7, a sahu biyu ya zama kusan kilomita 2.5, kuma wanda ya iso a ƙarshen awar zai jira minti 28. Awa ta biyu a ninka. Idan kuwa masu isowa 1,300 ne, babu jerin da zai taru sam. Tsakanin "ba komai" da "gari ya tsaya" tazarar ƙarama ce, shi ya sa ba a yin wannan aiki da ƙiyasin ido. A Amurka, inda suka saba mai da titi mai layi huɗu zuwa uku, na tsakiya na masu juyawa, sun fi yin haka a titin da bai wuce motoci kamar 20,000 a rana ba.

Sai trotro, wadda ita ce ainihin maganar a nan. Tsayawa guda ta sauke fasinja da ɗauka, a ce daƙiƙa 30. Idan trotro 40 suka yi haka a wuri guda cikin awa, minti 20 ke nan layin na toshe, sulusin awar. Da layi biyu ana ratsewa a wuce. Da layi guda kowa ya tsaya har yaron mota ya gama ba da canji. Don haka a fara gina wurin tsayawa kafin a taɓa titi: zurfin mita 2.5 zuwa 3, tsawon mita 25 don motoci uku, da ƙarin mita 15 na shiga da 15 na fita. A sa shi bayan an wuce mahaɗa, ba a bakinta ba.

A ganina titin Nima an riga an tsuke shi, sai dai ba da tsari ba. Motocin da aka ajiye, tebura, aboboya (babur mai taya uku na dako) mai sauke kaya, su suka cinye gefe da gefe.

Baba Direba:

Injiniya, lissafinka daidai ne, amma bari in ƙara abin da takarda ba ta nunawa. Direban trotro kuɗin mai mota na wuyansa kowace rana, ko an yi cunkoso ko ba a yi ba. Idan sawu guda ya tashi daga minti 40 zuwa awa guda, sulusin sawayensa ya tafi. Inda zai rama shi ne a jikin fasinja: sai a daina lodin dogon zango da yamma, a koma gajere-gajere, mutum ya hau mota biyu ko uku a tafiyar da da mota guda ce, ya biya kowacce. Kuɗin mota bai ƙaru a takardar ƙungiyar direbobi ta GPRTU ba, amma a aljihu ya ƙaru.

Motar ma tana ji. Injin trotro ƙirar Sprinter a tsaye yana shan kusan lita guda a awa ba tare da an motsa ba. Tashi-tsaya na cinye kuloci, tsohon lagireto kuma ba ya jure zafin rana in babu iska, sai ka ga an buɗe gaban mota ana zuba ruwan leda. To a nan ne layi guda ke da haɗari. Idan aka yi masa doguwar katangar kankare hagu da dama, mota guda ta mutu, shi ke nan, babu wurin tura ta, motar asibiti da ta kashe gobara ma sai dai su yi ta jiniya. Duk mai bin hanyar Ofankor zuwa Nsawam a lokacin aikinta ya san yadda tirela guda ke riƙe dubban mutane. Don haka dakalin gefe ya zama gajere mai gangare wanda taya za ta iya hawa, kuma a bar sarari kamar mita 5.5 daga gefe zuwa gefe, ko a yi wurin ratsewa duk bayan 'yar tazara.

Na biyu, motar da ta rasa hanya ba ɓacewa take ba, lungu take shiga. Lungunanmu kuwa ga buɗaɗɗiyar kwata, ga yara, ga masu alwala a ƙofar masallaci. A rufe kwatocin da sulab, a sa tudun rage gudu, kafin ranar da za a tsuke babban titi.

Hajiya Mai Hatsi:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Masu zanen hanya mota suke gani, ba sa ganin buhu. Motar masara, gero ko albasa daga arewa tana buƙatar awa guda zuwa biyu kafin a gama sauke ta, kuma tsawonta ya kai mita 12 ko fiye. In ba a ware mata wuri ba, a kan titi za ta tsaya, a layi gudan da ya rage. Mafita ita ce a sa lokaci: manyan motoci su sauke daga bayan isha'i zuwa asuba, a sa fitila da mai gadi, da rana kuma sai aboboya da 'yan dako.

Maganar faɗaɗa gefen titi kuma, a faɗi gaskiya: duk inda aka buɗe fili, tebur zai zo. An sha korar masu talla a tsakiyar Accra, bayan 'yan makonni su dawo, domin mai saye yana inda ake sauka daga mota. Gara a raba tun farko. Mita 2 na masu wucewa, ba a ajiye ko kwando, mita 1.5 ta bayansa na masu kasa kaya, a ja layi da fenti, shugabannin kasuwa su riƙa tsawatarwa. In ba haka ba, masu tafiya a ƙafa za su sake gangarowa kwalta, an yi asarar titi an yi asarar gefe.

Malam na Kanda:

Kada a manta da masu tsallakawa. Mutum na tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, tsoho ko mai goyo bai kai haka ba. Titi mai faɗin mita 14 daƙiƙa 12 ne a gaban motoci. Idan aka sa tudun tsayawa mai faɗin mita 2 a tsakiya, ya zama tsallake biyu gajeru, kowanne ɓangare guda kake dubawa. Mun ga abin da faɗi da gudu suka yi a hanyar Madina zuwa Adenta, har jama'a suka fito zanga-zanga a Nuwamban 2018 kan gadojin ƙafa da ba a gama ba. Kuma a ƙirga mutane, ba motoci ba: trotro guda na ɗauke da mutum 15 ko fiye, ƙaramar mota ɗaya ko biyu. Layin da aka karɓe aka ba motocin haya riba ce ga mafi yawa, amma sai an tsare shi. Bas ɗin Aayalolo da aka fara a 2016 guntayen wurare kaɗai aka keɓe mata, sauran tafiyar cikin cunkoson kowa take yi.

Ɗan Maamobi:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Injiniya, in matasan unguwa na so su kai magana gaba da hujja, ta ina za su fara?

Injiniya:

Da ƙirga. Mutum biyu a kowace mahaɗa, ɗaya ga kowane ɓangare, daga 6 zuwa 9 na safe da 4 zuwa 7 na yamma, ana rufe lissafi duk minti 15. A raba trotro, tasi, ƙananan motoci, manya, babura da masu tsallakawa. A yi ranar Laraba, a yi wata rana ta daban, a ƙara da Juma'a saboda masu zuwa babban masallacin Kanda. Wani kuma ya hau trotro da agogo ya rubuta mintocin shataletale zuwa Kawukudi.

Daga nan sai a nemi gwaji, ba gini ba: mazubin roba da durom mai fenti na mako biyu zuwa huɗu. Inda layi biyu zai koma ɗaya, a jera su a karkace tsawon mita 55 zuwa 60 idan gudun kilomita 50 ne, da allon gargaɗi tun daga nesa, da abin ƙyalli saboda dare. Kwanakin farko za a yi hargitsi, kada a yanke hukunci da su. Mako na biyu shi ne ma'auni. A ƙirga lungunan ma, kafin da bayan. Takardar ta je majalisar Ayawaso ta Gabas don ɓangaren Nima, ta Arewa don Maamobi, da kwafi ga sashen hanyoyin birni na Urban Roads, 'yan sandan kula da hanya na MTTD da reshen GPRTU na tashar. Ba a ajiye ko durom guda a kan titi sai da izininsu.