Gilashin motata ya ƙi tashi, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya a Ƙofar Ƙaura na sauke gilashin gefen direba, tun daga nan ya ƙi tashi. Sauran ukun lafiya lau, fiyus ma an duba, bai ƙone ba.

In na danna maɓallin, sai in ji ƙyas a cikin ƙofa, fitilar rufi ta ɗan dushe, amma gilashin ko gezau. Wutar tana isa ke nan. Mai gyara ya ce sai an sauya injin ɗaga gilashin gaba ɗaya, ni kuwa ina zargin wayar ƙarfen da ke jansa ce ta harɗe.

Leda na manna yanzu, ƙurar hunturu duk ta cika kujeru. Don Allah me zan fara dubawa kafin in kashe kuɗi?